Furotin a Tukunyar Bakano: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abinci Mai Gina Jiki

Tun da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, magana ɗaya ce ke yawo a layin awon ciki, a majalisar bayan Isha'i, har a bencin mai shayi: nama ya fi ƙarfin aljihu, to me za a ci jiki ya ginu? Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, daga na sama-sama zuwa waɗanda sai an zauna.

Wai mene ne furotin ɗin nan da ake ta magana a kai?

Shi ne abin da aka koya mana a firamare da sunan abinci mai gina jiki. Tsoka, fata, gashi, jini da sojojin jiki masu yaƙar cuta duk da shi ake ƙera su. Idan ka ci shi, ciki yana warware shi zuwa ƙananan tubala da ake kira amino asid, jiki ya sake jera su yadda yake so. Tubalan iri 20 ne. Jiki na iya haɗa 11 da kansa, sauran 9 kuwa dole ta baki za su shigo.

Abin da ya sa ake nacin a ci shi kullum shi ne jiki ba shi da rumbun furotin irin wanda yake da shi na kitse. Wanda ya tashi da cinyar rago ranar Babbar Sallah bai ajiye wa kansa na watan Muharram ba.

Me ake nufi da furotin mai inganci? Ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Abu biyu ake dubawa: ko abincin na ɗauke da tubalan nan 9 gwargwadon buƙatar jiki, da kuma ko ciki na iya narkar da shi sosai. Magini mai bulo dubu da siminti buhu ɗaya, inda simintin ya ƙare nan gini zai tsaya. Ƙwai, madara, kifi da nama suna da su cif. A tsirrai, waken suya ne ya fi kusantar su. Gero, dawa, masara da shinkafa suna da ƙarancin wani tubali mai suna laisin. Wake yana da laisin da yawa, amma ya gaza a wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Sai ka ga kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Ni dai ina ƙara ma'auni na uku: da me furotin ɗin ya zo? Kifin da aka soya a man da ya yi baƙi ƙirin, ko gyaɗar da ta yi fumfuna, lissafinsu a takarda daidai ne, amma jiki ya san abin da ya karɓa. Duba amsoshin gyaɗa da ta maganin ƙwari a ƙasa.

Nawa mutum yake buƙata a rana?

Baligi mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan giram 48, mai kilo 70 giram 56. Ba wanda zai shiga kicin da sikeli, don haka ga ma'aunin ido: ƙwan kaza ɗaya giram 6, kofin madara ko kindirmo marar haɗi wajen 8, dafaffen nama ko kifi mai girman tafin hannu ya haura 20, dafaffen wake cikin kofi wajen 13, gyaɗa cikin hannu wajen 7. Shi kansa hatsin ba fanko ba ne, gero da dawa suna da kusan giram 10 zuwa 11 a kowane giram 100 kafin a dafa.

Wanda ya karya da koko da ƙosai, ya ci garau-garau da dafaffen ƙwai da rana, da dare ya ci tuwon dawa miyar kuka mai busasshen kifi da daddawa, da wuya a ce bai kai ba, alhali bai ga mahauci ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai shayi da burodi da safe, taliya da manja da rana, tuwon masara da tsinkakkiyar miya da dare. Ciki ya cika, jiki bai samu ba.

Idan babu kuɗin nama, wake zai iya tsaya masa?

Zai ɗauki mafi yawan kayan. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, kuma ba baƙo ba ne a nan: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau bayan kaka ya gani da idonsa. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA ma tana da reshe a Kano da ya daɗe yana bincike a kan irin wake. Kakanninmu ba su san laisin ba, amma wake da shinkafa, koko da ƙosai, tuwo da miyar wake, duk haɗin da aka bayyana a sama ne. Ba sai a kwano ɗaya ba ma. In an ci su a yini guda ya wadatar.

Sai dai a lura da ɗanwake. Sunansa ne wake, amma da yawa daga wanda ake sayarwa yanzu garin rogo ne da fulawa, waken ɗan barbaɗe ne don kada a ce babu. Uwargida, in a gida za ki yi, ki ƙara garin wake sosai, ki yanka ƙwai a kai. Alala da ƙosai sun fi shi gaskiya, musamman alala, tunda ba ta shan mai.

Abin da wake ba zai taɓa bayarwa ba shi ne bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata. Daga dabba kaɗai ake samunsa. Don haka ko yaya a riƙa sako ƙwai, nono ko ɗan kifi cikin mako.

Wake yana kumbura mini ciki. Kanwa ce maganin?

Kumburin daga wasu sinadaran suga ne da cikinmu ba ya narkarwa, sai ƙwayoyin hanji su cinye su su saki iska. A jiƙa waken tun dare, a zubar da ruwan, a dafa da sabo har ya yi luguf. Surfe ɓawo ma na taimakawa. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, cikin makonni hanji zai saba.

Kanwa tana sa wake saurin nuna, ta rage cin gawayi, wannan ba musu. Amma tana lalata wasu bitamin na rukunin B, kuma tana ɗauke da sodiyam, wato abin da ake guje wa a gishiri. Mai hawan jini da ya rage gishiri amma yake zabga kanwa, tufka yake yana warwara.

Ana cewa ana zuba wa wake maganin ƙwari. Yaya zan kare iyalina?

Ba jita-jita ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin daikulobos da aka samu a ciki, dangin abin da muke kira fiya-fiya, kuma NAFDAC ta sha gargaɗi a kan zuba irinsa a kayan abinci. Idan za ka saya, ka ɗebi cikin hannu ka shinshina. Warin magani, ko wani farin gari da ke maƙale wa tafin hannu, alama ce ta ka wuce gaba. Abin mamaki, waken da ka ga ɗan huji nan da can a tsakiyar bazara ya fi kwantar da hankali a kan wanda ya kwana watanni a buɗe ko ƙwaro ɗaya bai kusance shi ba. Ƙwaron ma ya san abin da ya gani.

A wanke, a yi tafasar farko a zubar da ruwan; yana ragewa, ko da yake ba ya kawar da komai. Mai hali ya sayi sabon wake da kaka ya adana da kansa a jarka mai murfi da aka cika taf, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, ba sai an sa komai ba.

Awara abinci ce ta gaske ko kayan kwaɗayin yara? Kuma gaskiya ne waken suya yana rage wa namiji ƙarfi?

A ganina awara ce furotin mafi araha da inganci da ake samu a lungunan Kano. Busasshen waken suya yana da wajen giram 36 a kowane giram 100, ya zarce wake da gyaɗa. Aikinta ma a bayyane yake: a jiƙa, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a matse a yanka. Matsalarta ɗaya ce, kaskon suya. Ka tsaya wajen mai awara a ƙofar makaranta da yamma ka dubi man: in ya yi duhu yana kumfa yana hayaƙi, ya sha wuta fiye da kima. A gida ana iya sa awara a miyar ganye, ko a dama ta da ƙwai da attaruhu a turara kamar alala.

Maganar rage ƙarfin namiji kuwa, binciken da aka yi a kan maza masu cin waken suya bai nuna yana rage musu sinadarin mazakuta ba. Abin kiyayewa na gaskiya shi ne kada a ci shi ɗanye ko rabin dahuwa, domin yana da wani abu mai hana ciki narkar da furotin, wanda zafi ke kashewa. Mai yin garin kunu ta soya shi sosai tukuna.

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli fa?

Garin da aka san shi da dalar gyaɗa bai kamata a koya masa darajarta ba. Tana da wajen giram 25 a giram 100, ƙuli-ƙuli kuma ya fi ta, tunda an matse mai an bar tunkuza. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli, kunun gyaɗa, miyar taushe, duk hanyoyi ne masu kyau. Sai dai ita ma laisin ɗinta bai kai na wake ba, kuma mai ya yi mata yawa, don haka mai son rage ƙiba ya tsaya a cikin hannu ɗaya.

Babban abin tsoro shi ne fumfuna. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba kafin ajiya tana haifar da gubar afulatoksin, mai lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma suya ba ta kashe ta. A tsince duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi ko take da ɗaci, a zubar. Kada a ce a bar wa ƙuli, nan ne aka saba ɓoye irinta. Shi ya sa ya fi kyau ka san hannun da ke yi maka ƙuli.

Ƙwai kullum ba ya kawo matsala? Kuma a ba yaro?

Ga mafi yawan masu lafiya, ƙwai ɗaya a rana ba abin damuwa ba ne. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa adadin da ya dace da shi. Dafaffe ya fi wanda mai shayi ya kwarara wa mai. Ƙwan zabi da ke cika gari da damina shi ma daidai yake, ƙanƙanta kawai ya yi.

Batun wai yaron da aka saba masa da ƙwai zai yi sata, camfi ne da ya daɗe yana cutar da yara. Daga wata shida ana iya ba jariri dafaffen ƙwai da aka murƙushe.

Wane kifi ya fi, ɗanye, banda ko na ƙanƙara?

Ta fuskar furotin duk suna da kyau. Tarwaɗa da karfasa, na Tiga ne ko na gidan gona, ba su da laifi. Kifin ƙanƙara irin su Titus da sadin sun fi su man omega-3 mai amfani ga zuciya, muddin bai narke an sake daskarar da shi ba, abin da rashin wuta ke jawowa; in ka danna tsokar ta lotsa ba ta dawo ba, bar shi. Banda kuwa, tunda ruwa ya fita, ɗan kaɗan ɗinsa furotin ne mai yawa, amma shi ma akan fesa masa magani saboda ƙwari, sai a shinshina a kuma wanke da ruwan zafi.

Wanda aka raina shi ne ƙananan busasshen kifi. A daka su da ƙayarsu a zuba a miyar kuka ko kuɓewa: ga furotin, ga kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, kuma ba wanda zai tsame rabon wani daga tukunya.

Fura da nono ta isa abinci? Yaya madarar gari?

Gero da nono haɗi ne da ba a cika samun kamarsa ba, in nonon nono ne. Kindirmo yana tare da mansa. Tsala an kaɗe man an cire, furotin ɗinta na nan, sai dai sau da yawa an tsinka ta da ruwa, a kaurara da garin ƙwalba. Sukarin da ake zubawa ludayi-ludayi shi ke ɓata lissafi. Madarar da aka tatso yanzu kuma lallai a tafasa ta, saboda tarin fuka na shanu da cutar burusela suna bi ta ɗanyar madara.

A madarar gari, juya leda ka karanta. Cikakkiyar madara tana da wajen giram 24 zuwa 26 a giram 100. Akwai wadda aka cire man shanu aka sa man itace, akwai kuma farin garin shayi wanda kusan mai ne da sitaci zalla. Wanda ake aunawa a cokali daga buhu ba suna, ba ka da yadda za ka san wanne ne, kuma ba abin dogaro ba ne ga yaro.

To nama fa? Tsire, kilishi, ganda, kayan ciki?

Jan nama furotin ne cikakke, ga sinadarin ayon mai ƙara jini da B12. Ba a ce a bari ba. Amma masana ciwon daji suna ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce rabin kilo a mako, kuma a 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya sarrafaffen nama, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji. Tsire da balangu a zaɓi tsoka, a bar gefen da ya ƙone ya yi baƙi. Kilishi furotin ne tsantsa tunda ya bushe, sai dai gishiri da dunƙulen ɗanɗano sun yi masa yawa. Tsaraba ce, ba cefane ba.

Ganda ita ce mai yaudara. Ta cika baki, ta cika kwano, amma furotin ɗinta na fata ne, wanda ɗaya daga tubalan nan 9 babu shi a ciki sam. Ga kuma masu babbake ta da tsohuwar taya. Kuɗin ganda in aka sayi ƙwai ko hanta da shi an fi cin riba. Hanta ta fi duk kayan ciki amfani, amma dubi abin da aka ce game da masu juna biyu.

Naman layya kuma, maimakon a cinye shi cikin kwana uku har gida ya kwana zawo, a yi dambu da wani kaso, a busar da wani, a riƙa sakawa a miya kaɗan-kaɗan.

Kajin gidan gona allura ake yi musu su yi girma?

Saurin girmansu cikin mako shida zuwa takwas daga irinsu ne da abincin da ake ba su. Furotin ɗinsu bai gaza na kazar Hausa ba, ɗanɗano ne ya bambanta. Abin tambaya shi ne ko mai kiwon ya dakatar da ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanakin da aka ƙayyade kafin ya sayar.

Zogale, daddawa da fara suna cikin lissafi?

Zogale ganye ne mai albarka, amma an zuzuta shi ya wuce gona da iri. Cokalin garinsa bai kai rabin ƙwai ba. Daddawar kalwa tana da furotin sosai, sai dai nawa ake sawa a miya? Fara kam ba wasa, fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne, in dai ba daga gonar da aka yi wa feshi aka kamo ta ba. Gurjiya, riɗi da agushi su ma suna ƙarawa.

Yaron da ake shirin yayewa, me za a ba shi?

Nonon uwa zalla har wata shida, sannan a fara ƙari ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Inda ake faɗawa tamowa shi ne a ɗora yaro a kan koko tsararo safe da yamma. Garin da ake kira Tom Brown ya fi: awo 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawo, a niƙa tare, a dama da kauri. A ƙara garin kifi ko ƙwai in da hali. Kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, tana iya shaƙe shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A gidaje da yawa, in aka sauke miya, yankan nama huɗun da ke ciki kwanon maigida suke tafiya, a rufe da faifai, yara su sami romo da ƙashi. Maigida, kai ka gama girma. Idan aka auna da nauyin jiki, ɗan shekara biyun nan da matarka mai shayarwa sun fi ka buƙata.

Masu juna biyu da tsofaffi fa?

Buƙatar mai ciki tana ƙaruwa musamman a watannin ƙarshe, ta mai shayarwa ma haka. Ƙarin ƙwai da kofin kindirmo da ɗan wake a rana ya kusa rufe giɓin. Ta yi hankali da yawan cin hanta, musamman a farkon ciki, domin bitamin A da ke cikinta in ya yi yawa yana iya taɓa ɗan tayi. Ta tambaya a wajen awo.

Tsofaffi kuwa tsokarsu na zubewa da shekaru, shi ya sa masana da yawa ke cewa su kai giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo. Hajiya ko Baba da haƙora suka yi ƙaura, aka bar su da kunu, a kai musu alala, faten wake, kunun gyaɗa, kindirmo da kifi marar ƙaya.

An ce furotin yana kashe ƙoda. Ina da hawan jini da suga, in guje shi?

Lafiyayyiyar ƙoda ba ta gazawa da abincin da aka lissafa a nan. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu ne likita kan ce ya rage, wanda kuma ake yi wa wankin ƙoda akan ce ya ƙara. Ka ga ba abin da za a yanke a majalisa ba ne. Hawan jini da suga su ne manyan masu cin ƙoda a ɓoye, don haka ka je a gwada ta. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen ƙoda. In gwaji ya fito lafiya, wake abokinka ne, domin ba ya ɗaga suga da sauri kamar farar shinkafa.

Ina ɗaga ƙarfe. Sai na sayi garin furotin na roba?

Masu motsa jiki sosai suna buƙatar fiye da sauran mutane, wajen giram 1.2 zuwa 2 a kowane kilo. Garin da ake sayarwa yawanci daga ruwan madara ake fitar da shi, cokalinsa ɗaya wajen giram 20 zuwa 25, wato ƙwai huɗu. Ka kwatanta kuɗin robar da na kiret ɗin ƙwai. In ka nace sai ka saya, ka duba lambar NAFDAC, ka kuma guji wanda aka ɗura a leda ba suna ana tallarsa a WhatsApp.

Da azumi yaya za a raba shi?

Kashi biyu. Da buɗa-baki ƙosai ko alala tare da kunu, ba dankali da doya soyayyu kaɗai ba. Da sahur kuma a sa abin da ke daɗewa a ciki: wake da shinkafa, fura da kindirmo, ko tuwo da miyar kifi. Kilishi da tsire a bar su sai bayan Tarawihi, domin gishirinsu da sahur ƙishirwa zai tayar tun kafin azahar, balle in azumin ya faɗo a zafin Afrilu.